Sabo turken wawa: me ya sa alwashin Janairu ba ya kai wa Maris?

Duk ƙarshen Disamba Facebook da WhatsApp kan cika da alwashi. Wannan ya daina taba, wancan ya rabu da lemon kwalba, wata ta ce daga 1 ga Janairu ba za ta ƙara kai ƙarfe biyun dare tana latsa waya ba. Kafin Fabrairu ya ƙare mai taba ya koma neman ashana, ita kuwa asuba na riskar ta da waya a hannu. Sai a ce ai zuciya ce ba ƙarfi. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin watan azumi.

Mutumin da ke zuƙe kwalin taba a yini, idan Ramadan ya kama, daga ketowar alfijir har faɗuwar rana ba ya kunna ko kara ɗaya, kwana 29 ko 30 a jere. Zuciyar da ake zargi da rauni ke nan. Bayan tsoron Allah, abin da ya taimake shi shi ne komai na kewaye da shi ya sauya. 'Yan majalisa ba sa sha, mai shayi bai kafa tebur da safe ba, kuma kunyar a ji warin hayaƙi a bakinsa da rana kaɗai ta ishe shi tsaro. Ana idar da sallar idi, benci ya dawo, abokai suka dawo, shi ma ya dawo.

To sabo yana da mazauni, yana da lokaci, yana da abokai. Taba tana zaune a majalisar bayan isha'i. Sukari yana teburin mai shayi. Waya tana gefen matashi. Wanda ya ce ya daina amma bai taɓa mazaunin ba, kullum sai ya yi kokawa da ransa a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, kuma ranar da ya gaji ko ransa ya ɓaci za a kayar da shi. Mai son barin waya da dare ya fi cin riba idan ya bar ta tana caji a falo, ya sayi ƙaramin agogo don tashin asuba, fiye da ya yi ta rantsuwa.

Kuskure na biyu haɗama. Taura biyu ba ta taunuwa, amma sai ka ga mutum ya jera biyar: taba, lemo, goro, kwanan waya, ga kuma gudu da sassafe. An daɗe ana yaɗa cewa kwana 21 ya isa sabon hali ya zauna. Binciken da aka yi a jami'ar UCL ta Landan, aka wallafa a 2009, ya nuna matsakaici kwana 66 ne, wasu ma har 254. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Mu kuwa da zarar mutum ya zame sau ɗaya sai ya ce ai shi ke nan, sai baɗi.

Da za a ce in zaɓar wa yawancinmu abu ɗaya, da sukari zan fara, domin shi ne muguwar ɗabi'ar da babu mai jin kunyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12. Lemon kwalba mai santilita 50 na iya cinye kusan wannan adadi shi kaɗai. Ƙara da shayin safe: madara, Milo, sannan sukari da babban cokali, har ana ce wa mai shayi "Malam, ƙara dai, bai ji ba." Da rana ga zoɓo ko kunun aya da aka zuba wa zaƙi kamar da gayya. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo a dokar kuɗi ta 2021, amma naira 10 a yau ko alawa ba ta saye, balle ta hana wani sha.

Wahalar barin sukari ma ba a harshe take ba, a zumunci take. Ka je gidan gwaggo a kawo maka lemo mai sanyi, ka ce ruwa kake so, sai ta ce, "Ɗan nan, ko mun yi maka laifi ne?" A wurin biki da suna haka. Saboda haka alwashin da aka ƙulla a ɓoye ba ya daɗewa. Gara ka faɗa wa uwargida da abokan zama da shi kansa mai shayin, ka rage cokali ɗaya ka zauna a kai mako biyu kafin ka sake ragewa. Harshe na sabawa. Haka gishiri da dunƙulen miya, wanda shi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa: ƙasa da giram 5 a rana aka ce, bai cika ƙaramin cokali ba, kuma wannan hukunci a hannun mai girki yake.

Ba duk laifin ke kan mai alwashi ba. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma wane mai tireda ne ba ya sayarwa? Wanda ya yi kwana goma yana dauriya, kara ɗaya mai arha a bakin layi ya isa ya mayar da shi.

Akwai kuma sabon da bai kamata a bar wa alwashi kaɗai ba. Tiramadol, maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana haɗawa da shigowa da shi a 2018, da giya ga wanda ta kama: yanke su farat ɗaya na jawo rawar jiki, zufa da rashin barci, na giya ma har da jijjiga mai haɗari ga rai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano. Wanda ya yi niyyar rabuwa da waɗannan a sabuwar shekara, ya nemi ɗan'uwa ya raka shi ya yanki kati ranar 2 ga Janairu.