Mu bakwai ne a sashen, amma ba wanda ya san ciwon wani

Wani abokin aikinmu a nan Suwidin ya kwanta rashin lafiya, ya daɗe bai leƙo ofis ba. Mu bakwai ne kacal a sashen, kuma teburinsa yana fuskantar na shugabarmu. Da shirun ya yi yawa sai na tambaye ta me ke damunsa, ko za mu haɗu mu je dubiya. Ta ajiye kofinta, ta ce da ni cikin fara'a, "Ban sani ba, kuma ba hurumina ba ne in tambaya." Takardar likita ta iso, kuɗinsa na shiga, an rarraba aikinsa. A wajenta magana ta ƙare.

Sai kun ga ofishin za ku gane abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Shugabar ba ta da ɗaki nata, ba ta da masinja, ba ta da direba. A keke take zuwa, ta rataye rigar ruwanta inda kowa ke rataye tasa. Da sunanta muke kiranta, gatsau, abin da ya zama ruwan dare a ƙasar tun bayan 1967, lokacin da Bror Rexed, shugaban hukumar lafiya, ya ce shi da ma'aikatansa su ajiye laƙabi. Lokacin fika, wato hutun shan kofi, tare muke zama, ita ma ta wanke kofinta. A taro ƙaramin ma'aikaci zai ce mata ba ta yi daidai ba, ta rubuta, ta gode masa. Doka kuma ta tsare kowa: kamfani ne ke biyan marar lafiya kashi 80 cikin 100 na albashinsa a kwana 14 na farko, daga rana ta takwas ya kawo takardar likita, kuma yana iya rufe sunan cutar.

Masana harkar gudanarwa suna yawan cewa ƙaramar tawaga ita ke kawo shaƙuwa. Suna kafa hujja da Robin Dunbar, wani masanin halayyar ɗan Adam, wanda ya ce mutum ba ya iya riƙe dangantaka mai ɗorewa da fiye da mutum wajen 150. To mu ko goma ba mu kai ba, amma ban san ko mahaifiyar shugabata tana raye ba, ita ma ba ta taɓa tambayar tawa ba. Ƙarancinmu aiki ya sauƙaƙa, bai kusanta zukata ba.

Ba sai na faɗa muku yadda oga yake a can ƙasarmu ba. Na san masu riƙe ƙarin girman mutum saboda bai rusuna ba, na san masu aiken ma'aikaci hidimar gidansu. Ban wanke su ba. Amma ogan da na yi aiki a ƙarƙashinsa a can, da mutum wajen arba'in a hannunsa, in ya ga fuskarka ta canza zai kira ka ya rufe ƙofa ya ce, "Kai, lafiya kuwa? Me ake ciki a gida?" In ka kwanta asibiti, sai ka buɗe ido ka gan shi tsaye a kanka. Masu cewa wannan shisshigi ne ba su taɓa yin jinya a inda ba mai ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Abin da ya fi damuna yanzu ma ɗana ne. Da suna yake kiran malamarsa, na haƙura da wannan. Amma kwanaki na ce ya kira abokinsa da bai zo makaranta ba ya ji lafiyarsa, sai ya ce, "Baba, ai ba a yin haka, in yana so zai faɗa da kansa." A nan aka haife shi, kuma ba ni da wani kawu ko gwaggo a kusa da za su taya ni nuna masa cewa tambayar lafiyar mutum haƙƙi ne.