Ba duk mai saurin fushi ne ke da bipolar ba

'Yan uwana matasan Gombe, ku daina yanke wa kanku da ƙannenku hukunci da bidiyon TikTok. Wanda ya fusata da safe ya yi dariya da la'asar, wannan bai isa a ce bipolar gare shi ba, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai jefa mutum tsakanin matsanancin karsashi da matsanancin ƙunci.

Likita da kwanaki yake auna wannan ciwo. Sai mutum ya yi mako guda cur cikin wani karsashi da ba nasa ba: barcin awa biyu ko uku ya ishe shi kuma ya tashi garau, surutu ba tsayawa, ya kwashe jarin shago ya rabar, yana jin babu kamarsa. Nau'insa mai sauƙi kwana 4 ne. Wani lokacin kuma ya faɗa ƙunci na mako biyu ko fiye.

Wanda ya taso cikin duka, ko aka yi wa fyaɗe, ko ya ga gawarwaki lokacin bama-baman 2014 da 2015, nasa ciwon daban ne, na firgicin abin da ya same shi. Shi yana son barcin, mugun mafarki ke hana shi, ya wayi gari a gajiye. Ƙarar salansar babur ko wata murya kan tayar masa da hankali nan take, zuwa anjima ya lafa. To amma yaran wancan lokacin yanzu sun kai shekarun da bipolar ke fara bayyana, kuma ana samun mai duka biyun, wanda nasa kan zo da wuri ya fi tsanani. Tramadol da wiwi ma suna rikita alamun.

Saboda haka kafin ku je sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya, ku rubuta awannin barcin mai matsalar kullum, ku tafi da wanda suke kwana ɗaki ɗaya, ku bincika ko akwai mai irin ciwon a dangi. Abin da ya same shi yana yaro kuwa, ku ba shi wuri ya faɗa wa likita shi kaɗai. A gaban Baba ba zai buɗe baki ba. A yi addu'a, amma ɗaure shi ko zane shi da sunan cire iska ƙara masa rauni ne.

Kada ku sayi maganin damuwa a kemis: amitriptyline shi kaɗai kan iya tunzura mai bipolar. Valproate, ɗaya daga magungunan bipolar, yana illata jariri a ciki, budurwa ko amarya ta tambayi likita tukuna. Mai shan lithium kuma, shi ma maganin bipolar, sai da gwajin jini da na ƙoda a kai a kai, ya yawaita shan ruwa a zafin Maris da Afrilu, ya nemi shawarar likita kafin azumi.