Baucan makaranta a Amurka ba karatu kyauta ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka wai baucan makaranta a Amurka na nufin kowane yaro zai shiga firamare ko sakandare ta kuɗi a kyauta, to ba haka abin yake ba. Gwamnatin jiha ce ke ba iyaye wani kaso na kuɗin da za ta kashe wa yaro, su kai makarantar da suke so, a birnin Milwaukee aka fara irinsa na zamani a 1990 don 'ya'yan talakawa, jihar Arizona kuma ta buɗe wa kowa a 2022. Amma fa sau da yawa kuɗin ba ya kai kuɗin makarantar, iyaye ne za su cika, ga kuɗin mota, kuma makarantar na iya ƙin karɓar yaron. Wallahi wannan ne ke damuna, domin mai rufin asiri ya fi talaka morar abin.