Kwana tara babu wuta, kifayena huɗu sun mutu

Wallahi raina a ɓace yake, kuma duk wanda zai ce mini "ai kifi ne kawai" don Allah ya riƙe maganarshi. Yau kwana tara ke nan babu wuta a layinmu nan Mabera cikin Sakkwato tun da taransifoma ta ƙone, cikin wanga zafi na Afrilu da rana ke haura digiri 40, da dare ma bangon ɗaki huci yake kamar tanda. Mun yi karo-karo gida gida, an kai kuɗin, ma'aikatan kamfanin wuta sunka zo sunka ɗauke ta sunka ce jibi, har yau shiru. Jiya kuma sai ga yaro da takardar bil, kuɗin wata cur, na wutar da ba mu gani ba. Wannan ba zalunci ba ne?

Kifin da nike kiwo a tankin gilashi sunanshi frontosa, dangin karfasa ne amma ba na gulbinmu ba, asalinshi Tafkin Tanganyika ne can tsakanin Tanzaniya da Kwango da Burundi da Zambiya. Fari ne mai shuɗi-shuɗi da ratsin baƙi, babban namiji har tozo gare shi a goshi. A can ƙasan ruwa mai zurfi yake zama inda sanyin ruwa bai cika canzawa ba, shi ya sa bai son ya wuce digiri 24 zuwa 27. Guda shida anka sako mini a mota daga Legas cikin leda, ko tsawon yatsa ba su kai ba, shekara ukku ina dawainiya da su don kifi ne mai jinkirin girma sosai.

Abin da mutane ba su gane ba, in ruwa ya yi zafi iskar cikinshi raguwa take, ga injin hura iska ya tsaya, ga filta mai tace ruwan ta tsaya, ƙwayoyin halittar da ke cinye dattin kifin a cikin filta su ma in ruwa ya daina bi ta kansu mutuwa suke, sai kashin kifin ya koma guba a ruwan da yake numfashi. Na auna ruwan ranar kwana na huɗu, 34 na gani.

Babu abin da ban yi ba. Na ta da janareta har aljihu ya gaza, kowa ya san yadda fetur ya koma tun da anka cire tallafi a 2023. Na sayo ƙanƙara na ɗura a gora ina jefawa cikin tankin, ƙanƙarar ma sai ka zagaya unguwa biyu kafin ka samu. Na daina ba su abinci don dattin ya ragu. Ruwan canji kuwa 'yan garuwa sun ninka kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba, masu bohol su ma da mai suke jawo shi.

Wadda ta fi yi mini ciwo macen ce. Irin kifin ga a baki uwar ke riƙe ƙwanta, makonni tana ɗauke da su ba ta cin abincin kirki har su ƙyanƙyashe. Karon farko ke nan da ta ɗauka a hannuna, ina ƙirga kwanaki, da asubar kwana na biyar na tarar ta tofar da su duka a kan yashi, kafin azahar ita ma ta kife. Babban namijin ya bi ta washegari.

Na tafi ofishin kamfanin wutar da ƙafata, sai wani ya ce mini "Malam ka yi haƙuri, kayan gyara ba su iso ba", ko kai bai ɗaga ya dube ni ba. To kuɗin da munka tara fa, ina sunka shiga? Maƙwabcina tsohuwarshi na kwance ba lafiya cikin wanga zafi babu ko fanka, nawa ma ƙarami ne a kan nashi.

Saura biyu yanzu, suna can saman ruwa suna haki. Daren yau ma da kofi zan kwana a hannu, ina kamfatar ruwan ina kwararawa daga sama don iska ta shiga.