Mota Ɗaya, Lamba Uku

(Wurin sayar da motoci ne a Kano, da hantsi. Bakano dillali yana zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiya yana jan carbi. Sai ga Bazazzagi, tsohon malamin makaranta da ya zuba kuɗin sallamarsa a kan wata Toyota Corolla 'yar Kwatano makonni biyu da suka wuce. Ya tsayar da motar, ya fito rungume da takardu, Bakanike yana biye da shi da tocila da fensir.)

BAKANO: Maraba da Malam, maraba da manyan Zazzau! Yaya amarya? Tun ranar da ka tafi da ita nake gaya wa yara cewa motar nan ta yi dacen miji.

BAZAZZAGI: Amaryar na dawo maka da ita, Alhaji, domin an duba an tarar sunan da ke takardar aure daban, wanda ke jikinta daban. Ranar Litinin na je ofishin lasin don a mayar da takardu da sunana, jami'in ya karɓi takardar kwastam, ya leƙa ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ya karanta lambar shasi, ya sake duba takarda, sannan ya yi mini irin kallon da nake yi wa ɗalibin da na kama da satar amsa. Shekara 35 na yi ina koyarwa, ba a taɓa yi mini wannan kallon ba.

BAKANO: Haba Malam, wannan ne ya taso ka daga Zariya? Kuskuren alƙalami ne kawai. Mai buga takardar ɗan Adam ne, wataƙila ya ga biyar ya buga S.

BAKANIKE: Da haka ne, Alhaji, da abin ya zo da sauƙi. Biyar takan rikiɗe da S, takwas takan rikiɗe da B, kuma irin wannan ana gyara shi: mutum ya yi takardar rantsuwa a kotu, ya kai motar a duba ta da ido, a gyara rubutun. Saboda gudun irin wannan ruɗani ne ma, tun da aka daidaita lambar shasi ta zama guda 17 a shekarar 1981, ba a saka haruffan I da O da Q a cikinta, don kada su yi kama da ɗaya da sifili. Amma a nan, cikin guda 17 ɗin, biyar ne kaɗai suka dace da juna, su ma ina jin haɗuwa suka yi a hanya.

BAKANO: Wannan yaron fa, Malam, bakanike ka ɗauko ko lauya?

BAKANIKE: Bakanike ne, ranka ya daɗe. Harafin farko shi ke faɗin ƙasar da aka ƙera mota. Lambar da ke takarda ta fara da J, wato Japan. Wadda ke ƙasan gilashi kuwa ta fara da 2, wato Kanada.

BAKANO: To, mene ne abin mamaki? Motar nan ta keto teku, ta sauka Kwatano, ta ratso daji kafin ta iso Kano. Wanda ya yi doguwar tafiya ai yakan dawo da sabon suna. Ni kaina kafin in je Makka Garba ake kirana, da na dawo sai aka koma Alhaji, kuma babu wanda ya kai ni ƙara.

BAZAZZAGI: Da ka dawo daga Makka, ƙafarka ta dama ta zama ta wani? Buɗe masa ƙofar, ya gani da idonsa.

BAKANIKE: Ga takardar da kamfani ke liƙawa a jikin ƙofar direba. Ita kuma ta fara da 1, wato Amurka.

BAKANO: Allahu Akbar! Japan, Kanada, Amurka. Malam, kuɗin mota ɗaya ka biya aka haɗa maka ƙasa uku, maimakon ka yi godiya ka zo da tocila. Ku Zage-zagi ko zuma aka ba ku sai kun tambayi sunan ƙudan da ya yi ta.

BAZAZZAGI: Ku kuma Kanawa ko ƙudan aka ba ku sai kun sayar da shi a matsayin zuma. Gaya masa maganar shekaru.

BAKANIKE: Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, abin da ke gurbi na goma a lambar shasi shi ke nuna shekararsu. Daga 2001 zuwa 2009 ana saka 1 zuwa 9, a 2010 aka koma harafin A. Alhaji ya sayar da ita a kan cewa 'yar 2008 ce. A gurbi na goma na lambar gilashi 3 na gani, na ƙofa kuma 5. Jikin na 2003 ne, ƙofar ta 2005, kuma da yake ƙirar Corolla ɗin ɗaya ce daga 2003 zuwa 2008, ƙofar wata takan zauna a jikin wata daram kamar da ita aka haife ta.

BAKANO: Wace amarya ce aka taɓa faɗin shekarunta na gaskiya ranar ɗaurin aure?

BAZAZZAGI: Ka bar maganar aure haka nan, domin saki na zo yi. Saura inji.

BAKANIKE: Na ɗora farar takarda a kan wurin da ake buga lambar inji, na goga fensir don ta fito, sai na ga rabinta an kankare. Canja inji ba laifi ba ne, kullum ana sayo shi a Ƙofar Ruwa a ɗora wa mota, amma mai hankali yakan riƙe rasit, ya sanar da ofishin lasin a rubuta sabuwar lambar. Ina rasit ɗin wannan, Alhaji?

BAKANO: Yana wurin wanda ya sayar da injin.

BAZAZZAGI: Shi kuma yana ina?

BAKANO: Ya tashi daga shagon, amma mutumin kirki ne ƙwarai.

BAZAZZAGI: Ka saurare ni da kyau. Jami'in nan ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma mutunci ya yi mini da bai riƙe motar ba. Idan 'yan kwastam suka tare ni a Kwanar Dangora suka ga lambar takardarsu ba ta dace da ta jikin mota ba, a wurinsu ba a biya wa motar kuɗin fito ba, sai su tafi da ita. Idan kuwa 'yan sanda suka bincika lambar gilashin suka tarar akwai mai cigiyarta, ni da na saya da gumina zan kwana a bayan kanta ina bayanin inda na samo kayan sata.

BAKANO: Ai wannan duk mai sauƙi ne. Akwai wani yaro mai walda a nan baya, hannunsa kamar na Bature. Kafin la'asar zai buga maka lambar takarda a jikin motar, ya fesa fenti, ko wanda ya ƙera ta ba zai gane ba.

BAKANIKE: Za a gane, Alhaji, domin bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya, bugun guduma kuwa wata lamba ta yi sama wata ta yi ƙasa. Yanzu Malam wanda aka cuta ne, amma ranar da aka taɓa lambar nan ya zama mai laifi.

BAZAZZAGI: Ba zan shiga gidan yari da furfurata ba. Ga makullinka, ba ni kuɗina, har da la'adar da ka karɓa.

BAKANO: Madalla. Ɗauko takardar yarjejeniya mu gani. Wa ya rubuta ta?

BAZAZZAGI: Ni na rubuta, a gaban shaidu biyu.

BAKANO: Ƙwarai kuwa, domin ka hana yarona rubutawa, ka ce rubutunsa kamar kaza ta yi tono. Lambar shasin da ka rubuta a ciki, daga ina ka kwafo ta?

BAZAZZAGI: Daga takardar kwastam.

BAKANO: Ka sunkuya ka duba jikin motar a ranar?

BAZAZZAGI: Babbar rigata ta sha guga, kuma takardun na karanta su sau uku, har na gyara musu waƙafi.

BAKANO: To, alhamdulillahi. Yarjejeniya ta ce na sayar maka da mota 'yar Japan mai lamba kaza. Tun da ka iso kake kafa hujja, da shaidar ƙwararre, cewa wannan da ka zo da ita 'yar Kanada ce mai ƙofar Amurka. Ke nan ba ita na sayar maka ba. Kawo mini wadda na sayar maka, yanzu in ƙirga maka kuɗinka.

(Bazazzagi ya yi shiru. Ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar da ita. Can sai fuskarsa ta washe.)

BAZAZZAGI: Na yarda da maganarka ɗari bisa ɗari, Alhaji. Wannan ba ita ka sayar mini ba. Ke nan na biya kuɗin mota 'yar Japan, har yau ba ka ba ni ita ba. Riƙe wannan, fito mini da motata.

(Carbin Bakano ya tsaya. Bakanike, wanda ya zagaya bayan rumfa neman buta, ya ɗaga murya.)

BAKANIKE: Maigida, zo ka gani! Akwai wata Corolla a nan da aka ɗora a kan bulo, gabanta ya lotse, babu taya, babu inji, kaza tana kwance a kujerar direba. Na haska ƙasan gilashinta, ta fara da J. Karanto mini takardar.

(Bazazzagi yana karantowa, Bakanike yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, har guda 17.)

BAKANIKE: Duk sun dace, ko ɗaya bai kauce ba. Wannan ce mai takardar. Hatsari ta yi ta mutu, aka ara wa waccan takardunta.

BAKANO: Ka gani ko, Malam? Na taɓa yi maka ƙarya? Ga motarka nan, lamba da takarda kamar an tsaga kara, ko wane jami'i ya duba sai ya sara maka. Taya da inji kuma sai mu zauna mu yi sabon ciniki. Kazar dai ka bar mini ita, ba ta cikin yarjejeniya.