Baƙo a Akara, ka fara sauka a zango

Ƙanina ya kira ni daga Zariya, zai dawo Gana da sana'arsa ta ɗinki, yana tambayar unguwar da zai kama haya. Na ce ya fara sauka a zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a Akara irin su Nima ko Mamobi ko Madina, ya shekara tukuna.

Ni ban yi haka ba. Da na zo Akara, Adenta na zaɓa saboda shiru da tsabta. Mai gida ya karɓi kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta amince a karɓa. A Zariya shekara guda ake biya, wani lokaci ma ka roƙa a raba maka biyu. Kullum da duku-duku ina layin torotoro, wato ƙananan motocin haya. Wannan duk na jure. Abin da ya kore ni shi ne daren da zazzaɓi ya kayar da 'yata, na fito ƙofa ban san gidan da zan ƙwanƙwasa ba. Wata takwas muna katanga ɗaya da mutum, ko sunansa ban sani ba.

A Mamobi kuwa, mako bai zagayo ba mai koko da ƙosai ta san yarana da suna. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, matata ma "kai" suke ce mata, amma ranar da ta haihu matan layin ne suka kwana da ita. Juma'a da ƙafa nake zuwa babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021.

Zango na da nasa. Akwai cunkoso, gidaje da yawa banɗaki sai na haya, ga babbar kwatar Nima idan damina ta kankama a watan Yuni. Duk wanda ya ga ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Sakul, babbar mahadar hanyoyi ta tsakiyar gari, ba ya wasa da ruwan Akara. Shi ya sa nake cewa kada ka saurari dillali, dubi gindin bango ka ga inda ruwa ya yi zane, sannan ka tambayi tsohuwar gidan.

Kumasi ta fi sauƙin haya, kuma Aboabo da Asawase ba su da nisa da kasuwar Kejetiya, sai dai can in ba ka jin Tuwi, harshen mutanen garin, ciniki na wuya.

Na samo wa ƙanin nawa ɗaki a kan tudu kusa da kasuwar Nima. Mai gidan shekara biyu yake so, muna kan magana.