Mu Ji Tsoron Allah Game Da 'Yan Kwana-kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya wuta ta kama wani shagon kayan masarufi a unguwarmu nan Birnin Kebbi. Motar kwana-kwana na isowa samari suka tarye ta da ihu da ashar, har wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Wai sun makara. To wa ya kira su da wuri? Kowa da waya a hannu, amma bidiyo ake ɗauka don a riga wani sakawa a Facebook. Sai da rufin kwano ya fara lanƙwashewa sannan aka tuna akwai masu kashe gobara a garin nan.

Haba jama'a! Kun san mene ne aikin bawan Allahn nan da kuke zagi? Kuna barci shi yana zaune a ofis da takalmi a ƙafa, yana jiran kira. Ranar Sallah ma ba lalle ya ci tuwo da 'ya'yansa ba. In kira ya zo, zai saka kaya masu kauri da nauyi a wannan zafi namu na Kabi, ya kutsa inda kowa ke gudun fitowa. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma shi ne mai shaƙarsa. Bai san ko akwai tukunyar gas a ɗakin ba, bai san ko mai gida ya ɓoye jarkokin fetur a bayan ƙofa ba. Kuma ba gobara kaɗai ba ce. In yaro ya faɗa rijiya, ko mota ta murƙushe mutane a hanyar Jega, su ake nema.

In kun ga sun ɗan tsaya ba su fara feshi ba, kada ku ce ragwanta ce. Sai an tabbatar an yanke wutar NEPA, domin ruwa a kan wayar da ke da wuta ajali ne. Wutar fetur kuwa ruwa yaɗa ta yake yi, kumfa take buƙata. Tankin motar ma ba gulbi ba ne, cikin 'yan mintoci yake ƙarewa, dole a koma ɗebo wani. Nan ne za ka ji ana cewa "sun zo ba ruwa". Ka ji tsoron Allah, kana can lokacin da suka juye na farko?

Hanyar da za su bi fa, wa ya toshe ta? Mu ne muka kafa rumfa a kan titi, muka cinye lungu da gini, muka ajiye mashin a bakin layi muka tsaya kallo. Jiniya na kuka, mai Keke Napep ya ƙi kaucewa saboda fasinja ɗaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wanda ya ga yadda babbar kasuwar garin nan ta ci wuta a 2016 ya san gobara ba ta jiran mota. Almajirai 17 da suka rasu a Ƙauran Namoda cikin Fabrairun 2025, Allah Ya jiƙansu, cikin dare abin ya same su. Annabi (SAW) ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta. Ga hunturu, ana kwana da garwashi a ɗaki da hita a cikin bokiti, in ta tashi kuma a huce a kan ɗan kwana-kwana.

Ƙarancin motoci da kayan aiki gaskiya ne, amma wannan koke gwamnati za a kai wa, ba goshin ma'aikaci ba. Iyaye, ku ja wa samarinku kunne. Limamai, ku faɗa a masallaci. Ku nemi lambar ofishin kwana-kwana mafi kusa da ku yau ɗin nan, ku ajiye a waya. Kuma don Allah, in kun ji jiniya ku kauce. Don girman Allah ku kauce.